Gidan Ya Fara Gani Ko 'Yata?

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bin labarina. Ku gyara zama, yau ba zan ja ku da nisa ba, don ni kaina ƙirjina bai gama sauka ba.

Wanda bai san mu ba, ni tela ce. Shekara ashirin da shida ke nan ina taka keke a falon gidan da marigayi mijina ya bar mana. 'Ya'yana huɗu, uku sun yi gidajensu, saura Auta. Ita tana aiki a ofishin da ke jawo masu shirya fim su zo yankinmu su yi aiki. Ranar da ta fara faɗa min, kwana biyu na yi ban ci abincin kirki ba, na ɗauka a talabijin za a riƙa nuna min 'ya. Ashe ba ta fitowa. Aikinta nemo wuri ne. Masu fim su ce suna son tsohuwar gada, ko makaranta mai dogon baranda, ita za ta nemo, ta karɓo izini, ta sa a tare hanya, ta haɗa su da direbobi da masu girki. Na taɓa ce mata, "To ni ga keke, ki kawo min ɗinkin kayan 'yan fim mana." Ta ce dokar ofis ta hana ma'aikaci ya saka nasa. Na yi fushi na yini ɗaya, daga baya na ce wannan doka mai tsoron Allah ne ya rubuta ta.

To, sai ga Mai Tabarau da maganar neman auren Auta. Ni na raɗa masa sunan, don ko a inuwa ba ya cirewa sai zai gaishe ni. Furodusa ne, wato shi ke haɗa kan fim tun daga farko har ƙarshe. Ya ce a wani taro ya fara ganin Auta, cikin watan biyar, tana bayani a gaban manya, tun ranar bai sake samun sukuni ba. Dogo ne, mai sanyin murya, yana durƙusawa har ƙasa. Farar riga ya sako ranar da ya zo gaishe ni, yadi mai tsada, amma wuyan ya karkace hagu. Na ce a raina, telansa mai gaggawa ne, Allah ya sa mai rigar ba haka yake ba.

Abin da ya fara tsaya min a rai, idon yaron nan ba ya zama. Yana gaishe ni, yana kallon silin. Ya kalli matakalar katako da ke hawa sama, ya kalli tagar gabas mai gilashi kala-kala da baban su Auta ya sa da hannunsa.

"Mama, ƙarfe nawa rana ke shigowa ta tagar nan?"

"Lokacin da Allah ya fito da ita," na ce.

Ya yi dariya. Jim kaɗan sai ya tafa hannu sau ɗaya, tas! ya karkata kunne kamar mai jiran amsa.

"Sauro ne?"

"A'a Mama, sabo ne. Ina jin yadda ɗaki ke mayar da sauti."

Na tashi na haɗo masa shayi. Ku riƙe wannan tashin da na yi, za ku ji abin da ya haifa.

Da ya tafi, Gwaggon su Auta, ƙanwar marigayi, ta fito daga ɗaki tana kaɗa mayafi. Dama laɓewa ta zo yi.

"Matar Yaya, kin ga tarbiyya? Har yana tambayar inda rana ke dukanki!"

"Ni ban ji ya tambayi lafiyar ƙafata ba. Lafiyar taga ya tambaya."

"Ke dai ba a iya miki. Yarinya shekara ashirin da takwas, duk wanda ya zo sai kin auna shi da tef. Wancan kin ce ya cika surutu, na bayansa kin ce ya cika shiru. So kike ta auri keken ɗinkinki?"

"Keken bai taɓa yi min ƙarya ba."

"To ni na faɗa wa yayyenta, wannan karon ba za mu zuba ido ba."

Haka aka sa ni gaba wata guda. Yayyenta su kira, Gwaggo ta kira, kowa ya ce Mama ki sassauta. Ita kuma Auta, in wayarta ta yi ƙara sai ta yi murmushi ta haye sama. Na fara cewa ko ni ce mai mugun zato. Na yi istigfari, na ce Ya Allah, in alheri ne ka sanyaya min zuciya, in akwai wani abu ka nuna min da rana tsaka.

Ranar Lahadi bayan la'asar, Auta ta jona wayarta a caji kan teburin kekena, ta shiga wanka. Ina datse zare sai wayar ta haska da saƙon Mai Tabarau. Ba halina ba ne leƙen waya, Allah ya yafe min, amma a gaban hancina take. Karatuna a hankali ne, sai dai ba na tsallake kalma.

"Kin yi wa Mama maganar gidan? Kamfani sun ce Laraba ce ƙarshe. In babu wuri, wani yankin za su kai fim ɗin."

Kafin in haɗiye wannan, wani ya shigo.

"Kar ki ce daga wurina ne tukuna. Ki fara lallaɓa ta."

Almakashin ya faɗi daga hannuna. Laraba! Larabar nan ce Auta za ta zauna gaban manyan ofis, ana neman wanda zai zama mataimakin shugaba. Su uku ke neman kujerar. Wata biyu tana haddace takardu, har rigar ranar na ɗinka mata, ruwan toka mai maɓalli shida, tana rataye a bayan ƙofa.

Ta fito tana tsane gashi, ta ɗauki wayar, ta kalle ni ta gefen ido.

"Mama, lafiya?"

"Allura ce ta soke ni."

Na jira ta yi magana. Sai ta ce bari ta ɗora ruwan zafi. Na ce to. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Amma ni ba na yanka yadi sai na auna.

Litinin da hantsi na zuba abinci a kula, na saka hijabina mai ruwan ƙasa, na hau mota zuwa ofishinsu. Na san ba ta nan, tun safe ta ce za ta kai wasu baƙi su duba tsohuwar ma'ajiyar hatsi. Ofishin a hawa na biyu yake, bango duk hotuna: tituna, gonaki, wata tasha, wani asibiti da aka daina amfani da shi. Sakatariyarsu 'yar gajeriya ce mai jan ɗankwali, bakinta ba ya hutawa.

"Lah, Mamanmu ce da kanta! Sannu da zuwa, zauna nan, fankar ta fi kaɗawa. Ai 'yarki ta fita."

"Na sani, na manta ne. Ajiye mata wannan. 'Yar nan, duk hotunan nan na mene ne?"

"Ai wannan kaɗan ne, Mama. Zo ki ga kundin."

Ta juyo min da kwamfuta. Ta ce duk wurin da aka gani ya dace da fim, hotonsa ake ɗauka a ba shi lamba. Ba a rubuta unguwa ko sunan mai wuri sai ya yarda ya sa hannu, don kar mutane su dame shi. Amma kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, a ƙasa, kuma ba ta goguwa. Tana dannawa tana surutu.

"Ga wanda ake rububi yanzu. Ɗari biyu da sha huɗu. Kalli ƙofar nan, Mama, irin ta da. Yanzu ina za ki samu?"

Jama'a, ƙofata ce. Shuɗiyar ƙofata, da tabon da ɗana na fari ya yi mata da keken hawa yana ƙarami. Na yi ta maza, na gyara hijabi.

"Masha Allah. Wa ya kawo?"

"Wani furodusa, dogo, mai tabarau. Ya nace sai nan, sati uku zai yi yana ɗauka. Ga cikin ma."

Ta danna. Falona. Matakalar, tagar, hasken rana kwance kan darduma, kekena da rigar wata amarya a kai. Babu kowa a hoton, don mai falon ta tafi haɗo wa baƙo shayi.

Ni harafi yana ba ni wahala, amma lamba sana'ata ce. Na matsa kusa. Hoton falo, ranar da ya zo gaishe ni ce daidai. Na ce ta mayar min na ƙofar. Sha ɗaya ga watan uku.

Watan uku. Shi kuwa da bakinsa ya ce a watan biyar ya fara ganin 'yata.

"'Yar nan," na ce, "a ce ma'aikacinku ne ke da gida irin wannan, ai ya huta."

Ta dafe ƙirji. "Ya huta? Ai ya huta da aikin gaba ɗaya! Bara aka kori wani saboda garejin surukinsa. Shi ya duba wurin, shi ya sa hannu, bai faɗa wa kowa ba. Shugaba ta ce da ya faɗa tun farko, sai a ba wani fayil ɗin, shi ke nan. Ɓoyewar ce ba ta yafewa. Matar nan tana da kirki, amma in ta cire gilashi ta ajiye kan tebur, to kowa ya nemi hanyarsa."

Na yi mata godiya. Na sauko matakala ina Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Da yamma ban ce wa Auta komai ba sai, "Ki ce wa mutumin naki ina son ganinsa gobe, ƙarfe bakwai na safe."

"Bakwai, Mama? Lafiya?"

"Lokacin rana ke shigowa ta tagar. Na ga yana son sani."

Ta tsaya da cokali a hannu.

Ban san wa ya kai wa Gwaggo labari ba, amma bakwai saura ta iso, da sabon leshi da ɗaurin kai kamar za ta karɓi kyauta. Ta ɗauka ranar amincewa ce. Auta ta sauko da shirin ofis, baƙar doguwar riga, katin aiki a wuya, idonta ya nuna ba ta samu barci ba. Bakwai daidai ya yi sallama. Ya cire tabarau, ya durƙusa, ya ajiye makullin mota kan tebur.

"Mama, ina kwana?"

"Lafiya lau. Zauna. Yau babu shayi, ba na son in bar ka kai kaɗai da falona."

Gwaggo ta zungure ni. "Matar Yaya!"

"Ɗan nan, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka tuna Allah yana ji. Me ka fara gani, gidan nan ko 'yata?"

"Mama, ai na faɗa miki, a taro..."

"Ɗari biyu da sha huɗu. Sha ɗaya ga watan uku."

Gwaggo ta kalle ni, ta kalle shi. "Lambar mece ce wannan? Ta waya?"

"Lambar gidan yayanki ce, a kundin masu fim."

Auta ta juya gare shi a hankali. "Watan uku? Ka ce min ranar da ka fara rako ni ka ga ƙofar."

Ashe ita ma ba ta lura ba. Mai aiki da kundin kullum, so ya rufe mata ido daga ƙasan hoto.

Ya sunkuyar da kai, yana juya tabarau a hannu. Na ɗauka zai kawo wata ƙaryar, har na shirya mata. Sai ya ce, "Gidan na fara gani, Mama."

Gwaggo ta saki salati.

"Ina yawon neman wuri na ga ƙofar. Na tambayi mai shagon kusurwa, ya ce gidan wata tela ce da ba ta son wargi, amma 'yarta tana ofishin fim. Don haka na je taron. Da niyyar gida na je, ba zan ɓoye ba. Amma wallahi, Mama, tun da na ji ta yi magana..."

"Ajiye wallahin, za ka buƙace shi anjima. Ka ci gaba da neman gidan bayan ka ji ta yi maganar, ko ka fasa?"

Ban jira amsarsa ba, na ɗora.

"Ka shigo ka durƙusa min, na tashi in karrama ka, ka ɗauki hoton falona har da rigar amaryar mutane. Ka san dokar ofishinsu?"

"Na sani."

"Ka san gobe wace rana ce a wurinta?"

"Na sani. Na yi tunanin in an gama ɗauka, babu wanda zai..."

"Babu wanda zai gane ƙofar da duk abokan aikinta za su shigo ta cikinta ranar aurenku? Kai da kake auna rana, wannan lissafin ya gagare ka?"

Na juya ga Auta, don in ce ta gode wa Allah da abin ya tsaya nan. Sai na ga hawaye yana bin katin wuyanta.

"Mama, na riga na sa hannu."

"Kin yi me?"

"Takardar duba wuri. Ranar Juma'a. Na rubuta cewa na duba gidan, ya dace. Sa hannunki kawai ya rage."

Na zauna kan kujerar keke. Gwaggo ta zame ɗaurin kanta ta riƙe a hannu.

"Ba don shi kaɗai ba ne, Mama, ki yarda da ni," Auta ta ce tana share fuska. "Shekara uku muna roƙon babban fim ya zo yankin nan. Kullum sai su duba, su yaba, su wuce. Wannan fim ɗin mutum sittin zai ɗauka aiki, direbobi, kafintoci, masu girki, yaran da muka koya wa riƙe kyamara suna zaune ba aiki. In ya tafi, wa ya san yaushe wani zai zo? Na ce sati uku ne, gida ne kawai..."

"Gida ne kawai. Sunanki fa? Shi ma kawai ne? Ke da kika hana uwarki ɗinkin riga saboda doka?"

Ta durƙushe ta kama ƙafata. Na bar ta ta yi kukan minti ɗaya, don ya fita. Ban fi minti ɗaya ba, lokaci yana tafiya.

"Tashi ki wanke fuska. Ƙarfe nawa shugabarku ke shiga ofis?"

"Takwas."

"To ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Yanzu za ki je ki faɗa mata da bakinki, kafin wani ya faɗa mata da nasa. Ki ce gidan uwarki ne, mai neman gidan kuma aurenki yake nema, a karɓi fayil ɗin a ba wani. In za ta cire gilashi, ta cire a gabanmu."

"Mama, za ta iya cire sunana daga na gobe. Za ta iya kora ta."

"Za ta iya. Gara ki fito ta ƙofa da gaskiyarki, da ki hau kujera kina jiran ranar da za a jawo ki."

Gwaggo ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Matar Yaya, a rufa mana. A yaga takardar, wa ya sani?"

"Kwamfuta ta sani, Allah ya sani. Wanne za ki yaga?"

Sannan na dubi Mai Tabarau.

"Kai kuma, ba zan ce ka zaɓi gida ko yarinya ba, baki ba ya wahalar zaɓe. Ga abin da nake so. Ka kai mu. Ka shiga gaba, ka faɗa wa matar nan ranar da ka ɗauki hoton farko, da abin da ya kai ka taro, da wanda ya matsa a sa hannu. In ta ji, wataƙila ta hana ka gidan, wataƙila ta hana ka yankin gaba ɗaya, fim ɗinka ya tafi. In ba za ka iya ba, ga makullinka, ga ƙofar da kake so. Ka kalle ta da kyau, don ka gama ganin cikinta."

Ya daɗe yana kallon makullin. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro, na hango sunan kamfani a kai. Bai ɗauka ba, bai kuma kashe ba. Ya miƙe, ya ɗauki makullin, ya fita ba sallama.

Auta ta riƙe hannuna. Muka ji ƙofar mota ta rufu. Muka ji ya tayar da inji.

"Ya tafi," in ji Gwaggo. "Kin kore shi, hankalinki ya kwanta."

Ina jan carbi a cikin hijabi, na ce in na kai talatin da uku zan fita in tare mana motar haya. Ina sha tara Gwaggo ta ɗaga labule.

"Bai tafi ba. Ya juyo da motar. Ya buɗe ƙofar baya yana tsaye."

Kar ku yi saurin guɗa, 'yan uwa. Ni ban yi ba. Buɗe ƙofar mota daban, buɗe baki daban. Na zauna a bayansa daidai, ina kallon ƙeyarsa har muka isa, wayarsa tana ta kuka a aljihu. A kowace mahaɗa ina jira in ga ko zai karya kan motar.

Takwas da minti biyar muka hau bene. Sakatariya ta miƙe da fara'a za ta gaishe ni, ta ga fuskokinmu, ta ga wanda ke tare da mu, ta koma ta zauna a hankali. A ƙarshen baranda ga ƙofar shugaba a rufe, ana jin motsin takardu a ciki.

Auta ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. Na kama shi na sauke.

"Ba ke ba," na ce.

Mai Tabarau ya kalle ni. Ya ciro wayar, ya kashe ta gaba ɗaya, ya miƙo min tare da tabarau ɗin, na karɓa. Ya gyara karkataccen wuyan rigarsa, ya matsa gabanmu, ya ƙwanƙwasa sau uku.

Daga ciki aka ce, "Shigo."